Ina so in shiga gasar kyau ta masu neman jinsi, amma a gida ba wanda ya sani

Tambaya:

Bayan gaisuwa mai yawa. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, ina karatu da ɗan aiki a wata ƙasa da doka ba ta hana namiji ya so namiji ba. Tun ina yaro na san maza nake so, amma sai bara na iya faɗa wa abokaina biyu. Yanzu an buɗe rajistar gasar zaɓen gwarzon masu neman jinsi na ƙasar, wanda ya ci shi zai wakilce ta a gasar duniya ta Mr Gay World, abokan nan kuma sai zuga ni suke in shiga. Ina so, don na gaji da ɓoyo, kuma ina ganin zan iya yi wa irina magana. Matsalar ita ce iyayena suna can ƙasarmu inda wannan abu laifi ne, ba su san komai ba, kuma Baba ne ke biyan rabin kuɗin makarantata. Wani lokaci sai in ce gara su gani a intanet a wuce wurin, in huta da neman bakin da zan faɗa wa Umma. Wata shida ya rage. In shiga ko in haƙura?

Mai Neman Mafita

Amsa:

Ƙanenmu, bana kada ka cika takardar nan. Gasar ba ta da laifi, kai ma ba mu ga gazawarka ba. Abin da ya tsayar da mu jimla ɗaya ce cikin wasiƙarka, inda ka ce gara su gani a intanet ka huta. Duk wanda ya faɗi haka bai kai ga shirin hawa dandamali ba tukuna, so yake kyamara ta faɗi abin da bakinsa ya yi masa nauyi a kai. Ita kuwa kyamara ba ta zaɓen rana, ba ta duba ko Umma na da lafiya a ranar, ba ta tambayar a hannun wa labarin zai fara faɗawa.

Bari mu fara da ita kanta gasar, don mutane da yawa sun ɗauka rangwaɗa ce kawai da nuna ƙirji. An fara Mr Gay World a 2009 a Whistler ta ƙasar Kanada, inda wani ɗan ƙasar Ailan, Max Krzyzanowski, ya ɗauki kambun farko. Daga nan ta zaga Oslo, Manila, Johannesburg, Antwerp, Rum da Malta, ta kuma sha komawa Afirka ta Kudu, ƙasar da kundin tsarin mulkinta na 1996 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake so, ta kuma halatta auren jinsi a 2006. Masu shirya ta sun sha nanata cewa jakada suke nema, wanda zai yi magana da yawun jama'arsa. Shi ya sa ban da fitowa da kayan gargajiya, da kwat, da kayan ninƙaya, akan yi rubutacciyar jarrabawa kan tarihi da haƙƙoƙin masu neman jinsi, da ganawa da alƙalai a keɓe, da gabatar da wani aikin taimakon al'umma da ɗan takara ya ɗauka, da wasannin motsa jiki, sannan da ƙuri'ar jama'a ta intanet. Wato wanda ya shiga ya yarda sunansa da fuskarsa da labarinsa su zama kayan aikin gasar. Ba a shiga da rabin jiki.

Abin da ya faru a Johannesburg a 2012 ya kamata ka sani, don kusan labarinka ne. Ɗan takarar Habasha ɗalibi ne a Afirka ta Kudu, yana zaune inda doka ta ba shi kariya. Da labarin takararsa ya fita a kafafen yaɗa labarai na gida, mahaifinsa ya yanke hulɗa da shi. Na Zimbabuwe janyewa ya yi kafin a fara, saboda surutun ya fara shafar mahaifiyarsa. Na Namibiya an taɓa kai masa hari har ya kwanta asibiti bayan ya ci gasar ƙasarsa, amma danginsa, waɗanda suka daɗe da sanin ko shi wane ne, su suka raka shi filin jirgi. Duk ukun jarumai ne. Bambancin shi ne ɗaya ya riga ya gama da gida kafin duniya ta ji. Akwai kuma waɗanda hukuma ce ta tare su: a watan Janairun 2010 'yan sanda sun rufe gasar ƙasar Sin a Bejin ana saura kamar awa ɗaya a fara, a 2016 kuma wanda aka zaɓa cikin 'yan gudun hijirar Siriya a Istanbul bai samu bizar zuwa Malta ba, bayan fuskarsa ta riga ta fita.

Kana iya cewa ai gasar ƙasa ƙarama ce, wa zai gani? Ga yadda ake gani. Ƙuri'ar intanet ba ta zuwa sai ka roƙa, roƙon kuwa shi ne ka watsa hotonka da adireshin shafin ga duk wanda ka sani, su ma su watsa. Facebook da Instagram suna nuna wa mutane shafinka bisa lambar wayarka da ke cikin wayoyinsu da kuma abokan da kuka haɗa. Ka toshe Baba, ka toshe yayyenka, amma ba za ka tuna da wani ɗan ajinku na sakandare da kuka rabu shekara 10 ba. Shi zai ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura wa wani da tambayar "wannan ba wane ba ne?", kafin dare hoton na cikin zauren WhatsApp na dangi, washegari wani shafin tsegumi ya ɗora masa kanun da ya ga dama. Sunan aro ba ya hana wannan, tunda yanzu ana iya bincike da hoto kawai a gano sauran hotunan mutum. Kuma hotunan ba naka ba ne: yawancin yarjejeniyar irin waɗannan gasa tana ba masu shiryawa ikon amfani da su yadda suka so, ba wa'adi. Magana zarar bunu ce, a intanet kuwa ta fi haka, don ko ka goge naka, na wasu yana nan.

Sai batun doka, wanda abokanka masu zuga ba lallai sun yi tunaninsa ba, musamman in su 'yan ƙasar ne. Har yau ƙasashe sama da 60 sun ɗauki wannan a matsayin laifi, wasu kuma suna hukunta fitowa fili ɗin kanta. Dokar Najeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya shiga ƙungiyar masu neman jinsi ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ta Yuganda ta 2023 ta sa har shekara 20 kan abin da ta kira tallata al'amarin. Ka nemi dokar ƙasarku ka karanta ainihin rubutunta, kada ka tsaya a ji-ta-ji-ta. Sannan ka tambayi kanka: izinin zamanka na karatu ne, ranar da ya ƙare ina za ka? In aka yi rasuwa a gida, za ka iya zuwa? Kada ka ɗauka gasar za ta zame maka tikitin mafaka. Gaskiya ne ƙasashe da dama suna ba da mafaka ga wanda ake tsananta wa saboda jinsin da yake so, ƙarƙashin yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, amma kowace buƙata sai an tantance ta, jami'ai sukan yi wa abin da mutum ya aikata bayan isowarsa kallon tuhuma, kuma wanda ya samu mafaka in ya koma ƙasarsu ko ya sabunta fasfonta yana iya rasa matsayin. Awa ɗaya da lauyan shige da fice kafin ka saka hannu a ko'ina ta fi goma bayan hoto ya fita.

A wasiƙarka abu uku ne suka cakuɗe: ka yarda da kanka, ka faɗa wa mutanenka, ka yi wa wasu magana. Kowanne da lokacinsa, kuma na ukun ba ya yi maka aikin na farkon. Yarda da kai ba a dandamali ake samunta ba. Tafin jama'a yana da daɗi, amma mako ɗaya ne, ranar Litinin ka koma ɗakinka kai kaɗai da wayarka cike da saƙonni, rabi yabo rabi zagi, kuma zagin ne ke hana barci. Ko wanda ya ci ba hutu ya samu ba, aikin shekara guda ya ɗauka na hira da tafiye-tafiye. Bajamushen da ya ci a 2015, Klaus Burkart, bayan 'yan watanni ya ajiye kambun, ɗan Hong Kong ya karɓa. Gwada kanka da tambaya biyu. In aka fitar da kai tun zagayen farko, bayan kowa ya riga ya sani, za ka ce duk da haka ya dace? In wani ya rubuta maka mafi munin kalmar da kake tsoro, za ka iya rufe waya ka ci abinci? In amsar ɗaya "a'a" ce, da sauran aiki, kuma wurin yin sa shi ne gaban ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa wanda ya saba da irin wannan. Yawancin jami'o'i suna da su. Tambaye shi tun zaman farko yadda yake kallon al'amarin. In ya ce zai "gyara" ka, tashi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi daga jerin cututtuka tun 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ranar 17 ga Mayu, 1990, kuma manyan ƙungiyoyin likitoci sun yi ittifaƙi cewa abin da ake kira maganin canza mutum ba ya aiki, illa ƙara damuwa. In kuma kana fama da yadda za ka haɗa wannan da imaninka, wannan ma aiki ne na natsuwa, kuma akwai waɗanda suka bi hanyar kafin kai da za ka iya saurara. Alƙalan gasa ba za su warware maka shi cikin minti biyar ba.

Kafin ka buɗe baki a gida, tsaya da ƙafarka. Lissafa rabin kuɗin makarantar da Baba ke biya har zuwa ranar gamawa, ka rubuta lambar a takarda, ka san daga ina za ta fito in ya janye: tallafin karatu, ƙarin awannin aiki in izininka ya yarda, ko biyan kuɗin kashi-kashi, wanda ofishin kuɗi na makaranta zai gaya maka ko akwai. Tara kuɗin haya da abinci na aƙalla wata 3, in da hali 6, a asusun da kai kaɗai ke da ikonsa. Fasfo, takardar haihuwa da takardun makaranta na asali su kasance a hannunka. In layin wayarka ko akwatin imel ɗinka na haɗe da na wani ɗan gida, raba su, ka sauya kalmomin sirri. Wannan ba mugun zato ba ne ga iyayenka. Mutum cikin firgici yakan kama duk abin da zai iya matsa maka da shi don ka "dawo hanya", abin da ya fi kusa da hannu kuwa kuɗi ne da takardu. In ya rage maka shekara ɗaya ka gama, babu kunya a jira. Kuma kada ka yarda da gayyatar "zo gida mu yi magana" a makonnin farko bayan sun ji.

Fara da mutum ɗaya a dangi, wanda ya fi sanyin rai da riƙe sirri, sau da yawa yaya ko ƙanwar uwa. Shi ne zai zauna kusa da Umma lokacin da kai kake nesa. Ita kuma a faɗa mata ita kaɗai, da muryarka, ba a rubuce ba, don rubutu ana tura shi. Guji ranar biki, ranar makoki, ko tsakiyar faɗa kan maganar aure. Gajarta: jimla uku ko huɗu sun isa, cewa maza kake so, ka daɗe da sani, ba wanda ya koya maka, ba kuma laifin tarbiyyarta ba ne. Wannan ta ƙarshen ka maimaita, don tambayar da za ta fara cin ta ke nan, "ina na yi kuskure?" Daga nan ka yi shiru. Za ta iya kuka, ta iya kashe waya, ta iya cewa asiri aka yi maka ko zaman waje ne ya lalata ka, ta iya kawo maganar yarinyar da za a haɗa ku. Kada ka shiga muhawarar addini a zaman farko, ba wanda ke cin ta a ranar. Kada kuma ka yi alkawarin "zan gwada dainawa" don ka kwantar da hankalinta, ko ka karɓi auren rufin asiri, don ka ƙara mutum ta uku ke nan cikin wahalar, wadda ba ta ji ba ta gani ba. Kai ka ɗauki shekaru kafin ka iya faɗa wa abokai biyu, ita ma a ba ta watanni. Abin da aka faɗa a daren farko ba kasafai yake zama matsayin ƙarshe ba. Amma shirya wanda za ka kira da zarar ka ajiye wayar, kuma kada ka kwana kai kaɗai. Wani bincike da Caitlin Ryan da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2009 ya nuna matasa masu son jinsi da iyalansu suka yi musu mummunan ƙi sun ninka waɗanda ba a ƙi su ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu. In irin wannan tunani ya taɓa zuwa maka, nemi likita ko layin agajin gaggawa a ranar, kada ka jira gobe.

Akwai kuma zaɓin da ba a cika faɗa ba: kana iya yanke shawarar ba za ka faɗa musu ba, yanzu ko har abada, in ka auna ka ga haɗarin ya fi ƙarfinka ko zai faɗa kan ƙannenka. Wannan ba ragwanci ba ne. Sai dai in ka zaɓi haka, gasar da ake saka fuska ta fita daga lissafi, ba za a haɗa biyun ba.

To, a ce baɗi ko shekara mai zuwa bayanta komai ya daidaita, kana son shiga. Fara da duba sharuɗɗa, don wasu gasannin sai ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin. Karanta yarjejeniyar layi-layi: wa ke da hotuna, wa ke biyan jirgi da masauki da ɗinkin kaya in aka je ta duniya, me ake bukata daga wanda ya ci, kuma me zai faru in ka janye. Sau da yawa ɗan takara ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin ko ya nemo mai ɗaukar nauyi, don haka nemi wanda ya yi bara ka tambaye shi nawa ya kashe, kada ka tsaya a bakin masu shiryawa. Batun jiki kuma, nan mutane ke cutar kansu: yunwar dole ta makonni, magungunan fitar da ruwa, allurar ƙara tsoka da ke taɓa hanta da zuciya. Fitowa da kayan ninƙaya sashe ɗaya ne cikin da yawa, bai kai a sayar da lafiya a kansa ba.

Inda ake fāɗuwa da gaske shi ne aikin al'umma da ganawa da alƙalai. Kowa zai zo ya ce yana son "daidaito da ƙauna", alƙalai sun ji wannan har sun gaji. Ɗauki abu ɗaya ƙarami da za a iya ƙirgawa, ka fara shi wata shida kafin gasar tare da ƙungiyar da ta riga ta iya aikin. Misali, in lafiya ka zaɓa, ka san abin da kake faɗa: mai ɗauke da HIV da ke shan magani har ƙwayar ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ta kuma zauna a haka, ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i, maganin kariya na bayan shiga haɗarin kamuwa, PEP, dole a fara shi cikin awa 72 a sha kwana 28, na kafin haɗari, PrEP, sai an yi gwaji an tabbatar mutum ba ya ɗauke da ita. Wanda ya ce "na raka sababbin ɗalibai 30 gwaji, ga abin da ya hana sauran zuwa" ya fi mai dogon jawabi. Jawabin kansa kada ya wuce daƙiƙa 90, wato kalma 200 ko ƙasa, da saƙo ɗaya. Ɗauki kanka a bidiyo, ka sa aboki ya jefo maka tambayoyi masu zafi, irin "me iyayenka suka ce?", don za a yi ta, kuma ka yanke tun yanzu iya inda za ka tsaya. Labarinka naka ne, amma sunan Umma da hotonta da abin da ta faɗa cikin kuka ba naka ba ne ka kai dandamali.

Haka nan waɗanda kake son yi wa magana a ƙasarku. Kafin ka ɗaga tutar ƙasar ko ka ce da yawunsu kake, tuntuɓi masu aiki a can ka tambaye su ko hakan zai taimaka. Sau da yawa surutun da aka yi daga waje su yake faɗa wa, da samame da tonon asiri da masu tatsar kuɗi da barazana, kai kuma kana inda ba a iya taɓa ka. Kada ka ambaci sunan kowa, ko wurin haɗuwa, ko ka ɗora hoton taro ba da izinin kowane mutum da ke ciki ba, kuma ka kashe alamar wuri a kyamarar wayarka.

Wata shidan nan kuwa ba zaman banza za ka yi ba. Rubuta wa masu shirya gasar ka ce kana son aikin sa-kai a bayan fage, ka gaya musu a sarari ba ka son a ɗauke ka hoto. Masu shiryawa na kirki sun saba da wannan roƙo, in kuma suka yi maka wasa da shi, ka san irin mutanen da za ka miƙa wa fuskarka baɗi. Za ka ga yadda ake ganawa da alƙalai, ka ji ainihin kuɗin da ake kashewa, ka kuma sami lambar 'yan takara biyu ko uku da za ka kira bayan wata uku ka tambaye su yadda gida ya kasance. A makon nan kuma abu biyu: nemi ranar ganin lauyan shige da fice, ka kuma je ofishin kuɗi na makarantarku ka tambayi abin da ake yi wa ɗalibin da mai biya masa ya janye a tsakiyar zango.